Kango a Idon Kyamara: Sharhi a Kan Hotunan Tsofaffin Gine-ginen Kaduna

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an sami wata sabuwar al'ada tsakanin samarin Kaduna, watau yawon ɗaukar hotunan tsofaffin gine-gine da kangaye don sha'awa kawai. Wani ɗalibina mazaunin Hayin Banki ya kawo mini tarin irin waɗannan hotuna da shi da abokansa suka ɗauka da wayoyin hannu, ya nemi in faɗi ra'ayina. Wannan maƙala ita ce amsar da na ba shi, na kuma ga ya dace in gabatar da ita ga masana, domin lamarin ya shafi yadda za a adana tarihin garuruwanmu. Hotunan sun kasu gida uku: na shahararrun wurare, da na kangaye, da na 'yan ƙananan gine-ginen kwaikwayo da aka yi da kwali da kara. Za a dubi kowane kashi, bayan an yi ɗan tsokaci a kan kalmar kango ita kanta.

2.0 Kango da Kufai

Bahaushe ya bambanta kango da kufai. Kango shi ne ginin da ba kowa a cikinsa, ko dai rufinsa ya zube ko kuma ba a kai ga rufa shi ba. Kufai kuwa wuri ne da gari ya taɓa zama, sa'an nan mutanensa suka tashi. Abin lura a nan shi ne, da wuya a ambaci ɗayansu ba tare da an jingina shi ga masu shi ba. Akan ce kangon gidan wane, ko kufan gari kaza, kamar Kufan Kanawa da ke Jamhuriyar Nijar. Ke nan a tunanin Bahaushe kango yana da suna, yana da masu shi, yana kuma da dalilin da ya sa aka bar shi. Da wannan ma'auni za a auna hotunan.

3.0 Shahararrun Wurare

Kashi na farko ya ƙunshi wuraren da kowane ɗan Kaduna ya sani: Zauren Lugga, da Gidan Arewa, da gidan tarihi na Titin Ali Akilu, da 'yar gadar ƙarfen nan ta Lugga da ke Gamji. Ta fuskar fasaha babu abin kushewa. Samarin sun san lokacin da hasken hantsi yake faɗa wa ƙubbar zauren, sun kuma iya tsayar da hoto daidai. Amma da na tambaye su labarin gadar, sai aka yi tsit. Ba su san cewa a Zungeru aka fara kafa ta a 1904 ba, kafin a mayar da hedikwatar Arewa Kaduna a 1917, aka kuma ɗauko gadar aka kawo ta a 1954. Haka nan ba su san cewa Gidan Arewa gidan Sardauna Ahmadu Bello ne, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 ba. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, to amma a nan gani kaɗai bai wadatar ba, domin mai kallon hoton ba zai san gadar ta girmi garin da take ciki ba sai an gaya masa.

4.0 Kangaye

Kashi na biyu shi ne ya fi yawa, shi ne kuma samarin suka fi alfahari da shi. Akwai hotunan masaƙun Kakuri a ƙetaren kogi, da na Otal ɗin Daba kafin a rushe shi. Galibinsu an mayar da su fari da baƙi, an kuma kauce wa duk wani mutum da ke kusa, sai tagogi marasa gilashi da ciyawa da tsatsa. Wannan salo aro ne. Ya yi tashe a Turai da Amurka, musamman a hotunan kangayen birnin Detroit, inda masu sharhi da dama suka soki masu ɗaukarsu da cewa sun mayar da talaucin jama'a abin ado.

Irin wannan suka ta hau kan samarinmu. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, kuma dubban magidanta ne suka ci abinci a cikinta. Da yawansu suna nan da rai, wasu ma maƙwabtan masu ɗaukar hoton ne. Hoton da ya nuna kyan tsatsa, ya ɓoye mutumin da ya yi shekara ashirin a gaban injin, ya faɗi rabin magana ne kawai. Da an tsayar da tsohon ma'aikaci guda a bakin ƙofar, da izininsa, aka rubuta sashen da ya yi aiki da shekarar da ya bari, da hoton ya zama hujja ga mai nazari.

Duk da haka, tilas a yaba musu a kan Otal ɗin Daba. An gina shi ne domin babban hawan daba na bikin FESTAC a 1977, aka rushe shi a watan Janairu na 2020. Wanda bai taɓa ganinsa ba, yanzu sai dai a hoto. Samarin da suka ɗauke shi don wasa sun wayi gari riƙe da shaida mai daraja. Sai dai kash, yawancin hotunan ba su da kwanan wata, ba a kuma san ta wace fuska aka ɗauke su ba.

5.0 Gine-ginen Kwaikwayo

Kashi na uku shi ne ɗalibin ya nuna mini a kunyace, yana ganin wasan yara ne, alhali shi ya fi burge ni. Ƙaninsa, wanda ya saba ƙera motar kara da ta langalanga, shi ya gina siffar tsohon gidan kakansu na Hayin Banki, wanda aka rushe aka sa bulo da siminti a gurbinsa. Tun da babu hoton gidan, dole yaron ya zauna gaban kakarsu yana tambaya: ina zaure yake, ina rijiya, azara nawa aka jera a soro, ta ina indararo yake zubar da ruwa. Da ya kuskure sai ta gyara masa. Saboda haka kowane ɗan bango na kwalin nan yana da labari a bayansa.

Wannan hanya tana da asali mai kyau. A Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya da masanin nan ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya tsara yana ɗauke da kwafin Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na zamanin Sarki Abdulkarimu. Sai da aka yi awo da tambaya kafin a ɗora tubali. Abin da yaron ya yi da kwali ke nan, gwargwadon ƙarfinsa.

6.0 Kammalawa

Babban gibin da na gani shi ne, in ban da wannan gida na kwali, babu Hayin Banki a cikin hotunan 'yan Hayin Banki. Sun tafi Gamji da Kakuri, sun bar zaurukan unguwarsu da dakalan hira da tsofaffin masallatai, waɗanda babu hukumar da ta rubuta su, suna kuwa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ko gadar saman Kawo da ke kusa da su an sake ta, aka buɗe sabuwa a 2022, kuma babu tsohuwar a cikin tarin nasu.

Shawarata gare su guda uku ce. Su rubuta sunan wuri da kwanan wata a kan kowane hoto. Su nemi dattijon da ya san wurin, su ɗauki maganarsa da Hausarsa. Su kuma kai kwafi inda za a adana, kamar Gidan Arewa, domin waya takan ɓata ko ta lalace. Mu kuma malaman Hausa, ya kamata mu karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin bincike na ɗalibai, tun da kalmomi irin su azara da makuba da zanko suna tafiya ne tare da gine-ginen da ke ɗauke da su. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai mai waiwayen ya san abin da yake kallo.