Admiral: Fim ɗin da ya wanke Kolcak, ya bar tarihi da sauran magana

Masu iya magana kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai fa mawaƙi, in ya tsaya gaban gwarzonsa, ba ya ambaton ranar da gwarzon ya yi abin kunya. Wannan shi ne abin da ke zuwa zuciyar mai kallon Admiral, fim ɗin da Andrei Kravcuk ya shirya a ƙasar Rasha a shekarar 2008, a kan rayuwar Aleksandar Kolcak, babban hafsan sojan ruwa.

Kolcak ba ƙaramin mutum ba ne a tarihin ƙasarsa. An haife shi a 1874, ya yi tafiye-tafiyen bincike a tekun ƙanƙara na arewa, ya yi yaƙi da Japan, sannan a 1916 aka ba shi jagorancin rundunar jiragen ruwa ta Bahar Aswad. Bayan juyin juya halin 1917, ya shiga sahun Farare masu yaƙar Bolshebik. A watan Nuwamba na 1918, a birnin Omsk, aka naɗa shi shugaban ƙoli na Rasha. Mulkin bai yi ƙarko ba: ranar 7 ga Fabrairu 1920 aka harbe shi a Irkutsk, aka jefa gawarsa cikin kogi a ƙarƙashin ƙanƙara. Tsawon zamanin Sobiyet, ɗan makaranta bai san shi ba sai a matsayin azzalumi, karen farautar Ingila da Faransa.

Ta fuskar aiki, fim ɗin ya cancanci yabo. Faɗan da aka buɗe da shi a tekun Baltik, inda Kolcak ya ja jirgin yaƙin Jamus cikin nakiyoyin da ya shuka, yana hana mai kallo sakat. Haka nan wurin da ya jefa takobinsa cikin teku a Sebastopol, don kada ya miƙa shi ga sojojin da suka yi bore. Konstantin Khabenski, wanda ya fito a matsayin Kolcak, ya iya shiru. Fuskarsa kan faɗi abin da bakinsa ya ƙi faɗi. Labarin ƙaunarsa da Anna Timiryova, matar wani hafsa abokin aikinsa, shi ma gaskiya ne, kuma baiwar Allahn nan ta sha kurkuku da gudun hijira na tilas shekara da shekaru saboda shi.

To amma ina matsalar take? Ba a ƙananan kurakurai take ba, ko da yake akwai su: jirgin Friedrich Carl a 1914 ya nutse, fim ɗin kuwa ya kai abin 1916. Matsalar tana cikin rabon jini. An nuna dalla-dalla yadda ƴan bore suka karkashe hafsoshi, har sai mai kallo ya kau da kai. Amma da aka zo kan mulkin Omsk, sai aka wuce da sauri. Ba a nuna yadda aka murƙushe boren birnin a Disamba 1918 ba, lokacin da aka fitar da fursunonin siyasa aka kashe su. Ba a nuna ƙauyukan Siberiya da aka ƙone ba, ko manoman da aka yi wa bulala. Saboda haka, in Kolcak ya faɗi, mai kallo sai ya ɗauka cin amana kaɗai ya kayar da shi: na sojojin Cek, da na janar ɗin Faransa Maurice Janin, waɗanda suka miƙa shi ga maƙiyansa. Cin amanar ya faru, babu shakka. Amma tun kafin nan talakawa sun juya masa baya, kuma fim ɗin bai tambayi dalili ba.

Wanda ya taɓa ganin Capayev, tsohon fim ɗin Sobiyet na 1934, zai gane dabarar. A can ma Farare sun taho sahu-sahu cikin ruwan harsashi, amma a matsayin abokan gaba. Admiral ya ɗauki wannan hoto ya juya shi: masu tahowar su ne jarumai. Wato an sauya wanda ake yi wa kirari, ganga kuwa tana nan yadda take.

Ya kamata a tuna cewa tashar talabijin ta ɗaya ta Rasha, wadda gwamnati ke da babban hannu a cikinta, tana cikin waɗanda suka shirya fim ɗin. Kuma a 1999 wata kotun soja ta ƙi wanke Kolcak. Abin da alƙali ya ƙi yi, shi majigi ya yi.

A taƙaice, Admiral fim ne da ya dace a kalla, musamman ga ɗalibin tarihi, muddin dai akwai littafi kusa da shi. Ya mayar wa Kolcak da mutuncinsa na ɗan Adam, wannan kuwa ba laifi ba ne. Laifin shi ne manomin Siberiya, wanda ya ɗanɗani kuɗar ɓangarorin biyu, ya fita daga fim ɗin ba a ko tambayi sunansa ba.