Kalmar "Adversely" da Matsalar Fassararta Zuwa Hausa

Daga cikin kalmomin Ingilishi masu wahalar da mafassara a gidajen rediyo da jaridu akwai "adversely". A nahawu bayanau ce, an gina ta daga sifar "adverse" ta hanyar liƙa ɗafa-ƙeyar "-ly". Asalinta Latin ne, daga "adversus", wato abin da ya juyo ya fuskanci mutum da gaba. Ba ta cika rabuwa da aikatau "affect" ba, kuma aikinta shi ne nuna cewa tasirin da aka yi na cutarwa ne, domin shi "affect" bai tantance alheri ko sharri ba.

Kuskure iri biyu ake yawan tafkawa. Na farko shi ne yar da bayanau ɗin ɗungum, a ce "farin 1973 ya shafi noma". Ai ruwan sama ma yakan shafi noma, saboda haka an zubar da ainihin saƙon. Na biyu shi ne bin Ingilishi sawu da ƙafa, a ce "ya shafi noma ta mummunar hanya". Jimlar ba ta karya dokar nahawu ba, amma kunnen Bahaushe ba ya karɓarta.

Dalili kuwa shi ne, Hausa ba ta da ɗafin da ke mayar da sifa bayanau. Abin da Ingilishi ya raba wa kalmomi biyu, ita takan ɗora wa aikatau ko suna guda, kuma tana da su birjik, kowanne da gwargwadon nauyinsa. Fari yakan gurgunta noma, fara ta yi wa gero ɓarna, hayaƙi ya yi wa huhu lahani, tsada ta karya ɗan kasuwa. "Illa" takan bar tabo, "cutarwa" kuwa ta fi dacewa da mai rai.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. Shan farasitamol fiye da ƙima yana lalata hanta. Idan takardar magani ta ce yawansa "yana shafar hanta", majinyaci bai sami gargaɗi ba. Idan ta ce "yana yi wa hanta illa", ya san akwai haɗari.

Don haka wajibi ne mai fassara ya fara tambayar kansa abu biyu: wace irin cuta ake nufi, kuma wa ta sama? Amsar ita za ta zaɓa masa aikatau, ba ƙamus ba.