Tsofaffin Hotuna a Matsayin Madogarar Tarihin Gari: Tsokaci daga Ƙwanni da Adar

A wannan ƴar maƙala za mu yi tsokaci a kan wata hanyar rubuta tarihin gari da ta yi ƙarfi a ƙasar Sikotilan, wato tattara tsofaffin hotuna a littafi guda, kowane hoto da ɗan bayani a ƙarƙashinsa. Tambayarmu ita ce ko hanyar za ta karɓi ƙasar Ƙwanni da ta Adar.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Hill da Adamson, waɗanda suka ɗauki hotunan masuntan Newhaven, kusa da Edimbara, tsakanin 1843 da 1847. Hotunan nan shiryayyu ne, domin na'urar zamanin ba ta kama mutum sai ya tsaya cik. Duk da haka an adana sunayen wasu daga cikin matan, kamar Elizabeth Johnstone Hall, don haka mai bincike na iya bin sawunsu a rajistar coci. A ganinmu, ƙarfin hanyar yana tattare da sunan nan ne.

A namu ɓangaren kuwa, na'urar hoto tare da bindiga ta iso. Rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙwanni a watan Mayu na 1899, ke nan hoton zamanin mulkin mallaka garin da ya tashi daga toka yake nunawa. Wanda ya fara ba da tarihi daga hoto ya amince, ko da bai ankara ba, cewa garin da zuwan Nasara ya fara. Abin lura a nan shi ne, su kansu Faransawan da suka so sanin abin da ya gabata, bakin dattawa suka koma: haka tafinta Landeroin ya yi a tawagar Tilho mai shata iyaka (1906-1909).

Matsala ta biyu, wadda ta fi damunmu, ita ce bayanin ƙarƙashin hoto. Kalmomi irin su « chef indigène » ko « type haoussa » suna shafe mutum su bar samfuri. Alhali Sarkin Adar na Illela yana da suna da gida da jerin magabata, kamar yadda nazarin Djibo Hamani na 1975 ya nuna. Hotunan mishan, irin na asibitin Galmi da SIM ta buɗe a 1950, su ma da nasu masu kallo: masu ba da taimako a ƙetare.

Inda hanyar za ta yi amfani, a ra'ayinmu, shi ne tarihin kusa. Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a shekarun 1960, kuma iyalan tsofaffin ma'aikata suna da hotunan aure da na katin aiki a cikin akwati. Ɗalibi zai iya kai hoton gaban dattawa, ya rubuta bayanin daga bakinsu.

Sai dai lalle ya rubuta sunan mai bayanin da dangantakarsa da wanda ke cikin hoton. A ƙasar da gidajen sarauta ke takara, hoton kaka da rawani yana iya zama hujjar neman gado, kuma bayanin da muka buga yau gobe a gaban hukuma za a karanta shi.