Turke ko Mazari? Sharhi a kan Fassarar Kalmar Axis a Ilmin Jikin Mutum

A cikin kalmomin kimiyya da malaman kwalejojin horon malamai su ke fama da su, kaɗan ne suka kai axis wuyar kamawa. Abin da aka saba yi shi ne a ce "tsakiya" a wuce. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna fassarar nan ba ta isa ba, har ma ta kan ɓad da ɗalibi. Ba za mu tsaya kan "gatari" da na'urorin fassara kan kawo ba. Wannan kuskure ne tsagwaronsa, ya samu ne don jam'in kalmar a Turanci, watau axes, rubutunsa ɗaya da jam'in gatari.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, ma'anarta sandan da ya ratsa ƙafafun keken doki, su ke juyawa a kansa. To, a jikin mutum an ba ƙashi na biyu cikin ƙasusuwan wuya 7 wannan suna. Ba tun fil azal ba kuwa, domin jerin sunayen da masana suka tsara a Basil a 1895 da wani sunan Girkanci ya kira shi, epistropheus, sai a jerin Faris na 1955 aka tabbatar da axis. Dalilin sunan a fili ya ke. Ƙashin yana da wani tsiro a tsaye kamar haƙori, wanda ya shige cikin ƙashi na farko. Shi na farkon zobe ne, a kansa ƙoƙon kai ya zauna (da za a kira shi gammon kai, da an dace). In mutum ya girgiza kai ya ce a'a, zoben ne ke kewaya tsiron, kuma wajen rabin waiwayen wuya duka a gaɓar nan a ke yinsa. Gyaɗa kai kuwa aikin gaɓar da ke samanta ne. Ina tsakiya a nan? Ɗalibin da aka ce wa "ƙashin tsakiya" lalle zai neme shi a tsakiyar wuya, alhali yana can sama dab da ƙeya, inda karaya ke iya taɓa laka.

Kalma biyu ke neman wannan gurbi, mazari da turke. Mazari yana da daɗin ji, amma shi da kansa ya ke juyawa, zare na naɗuwa a jikinsa. Turke kuwa kafe ya ke, dabba ce ke kewaya shi. Tun da tsiron nan ba ya motsi, kai ne ke kewayawa, a ganina "turken wuya" ya fi kusa da gaskiyar halitta. Mazari sai a bar shi ga malamin labarin ƙasa, gama duniya ita ma a kan kanta ta ke juyi, a karkace da kimanin digiri 23½, ko da ya ke dole ya gaya wa yara babu wani kara a cikinta, layi ne na ƙiyasi.

Sifar da aka ciro daga kalmar, watau axial, ta fi rikitarwa. Cikin ƙasusuwa 206 na baligi, 80 a ke kira da ita: na kai, da na gadon baya, da haƙarƙari, da ƙashin ƙirji. Sauran 126 su ne na hannuwa da ƙafafu, har da na kafaɗa da na ƙugu da suka rataye su. A nan babu maganar juyi sam. Abin da a ke nufi shi ne abin da ya tsai da jiki, sauran suka dogara gare shi, kuma Hausa tana da "ginshiƙi" a kan wannan. Har wa yau, likita in ya ce hoton na'ura axial ne, yana nufin an yanko jiki a gicciye, kamar yadda a ke yanka rake gunduwa-gunduwa. Wanda ya haddace "tsakiya" zai zaci an tsaga mutum ne biyu daga kai zuwa ƙasa, akasin abin da a ke nufi ke nan.

Wani zai ce ilmi yana son kalma ɗaya ga kalma ɗaya, kada a warwatsa abin da Latin ya haɗa. Maganarsa tana da ƙarfi, domin ɗalibin da zai wuce makarantar likita dole ya san turke da ginshiƙi da yankan gicciye duk daga tushe guda suka fito a littattafansa. Amma ma'ana ɗaya ce ta cancanci kalma ɗaya, nan kuwa ma'anoni huɗu muka ƙirga. Sai malami ya rubuta sunan Latin a allo sau ɗaya, ya faɗi asalinsa, sa'an nan ya sa ɗalibai su ɗora yatsa a ƙeya su waiwaya.