Tarken Ra'ayin Court de Gébelin Game da Asalin Kartar Tarot

1.0 Gabatarwa

Tarot wata irin karta ce ta Turawa mai kati 78. Guda 56 sun kasu gida huɗu, wato kofuna da tsabar kuɗi da takubba da sanduna. Sauran 22 kuwa hotuna ne, irin su Sarki da Fafaroma da Mutuwa da Wawa. A yau an fi sanin ta a hannun ƴan duba, waɗanda ke cewa hotunan na ɗauke da asirin Masar ta zamanin Fir'auna. Wannan takarda za ta yi tarken rubutun da ya haifar da wannan ra'ayi, domin ɗalibi ya ga yadda ake auna hujja kafin a karɓe ta.

2.0 Abin da Marubucin ya Faɗa

A shekarar 1781 wani malamin addinin Kirista mazaunin Faris, Antoine Court de Gébelin, ya fitar da juzu'i na takwas na littafinsa Le Monde primitif. A ciki ya yi iƙirarin cewa tarot ragowar wani littafi ne na malaman tsohuwar Masar, waɗanda suka ɓoye iliminsu cikin hotunan wasa don kada ya salwanta. Ya kafa hujja da abu biyu: sunan kartar da kuma hotunanta.

3.0 Raunin Hujjojinsa

Game da suna, ya ce a harshen Masar "tar" na nufin hanya, "ro" kuma sarki, ke nan tarot ita ce hanyar sarki. Sai dai a lokacin babu mai iya karanta rubutun tsohuwar Masar, domin sai a 1822 Champollion ya warware shi, kuma abin da aka karanta bayan nan bai gaskata wannan fassara ba. Faransawa na furta kalmar kamar "taro", amma ba mai cewa ta samo asali daga taron Hausa don kawai sauti ya zo ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Game da hotuna, katin Ratayayye ya isa misali. Yana nuna mutum an ɗaure shi ta ƙafa ɗaya, kansa a ƙasa. Da hoton ya ƙi shiga tsarinsa, sai marubucin ya ce masu buga karta ne suka yi kuskure, ya juya shi tsaye, ya kira shi alamar tsantseni. Alhali a biranen Italiya haka ake zana maciya amana a bango domin a kunyata su. Mutumin ƙarni na 15 da ya ga katin ya san abin da ake nufi ba tare da wani asiri ba.

Bugu da ƙari, tarihi ya saɓa masa. Ambaton wannan karta mafi daɗewa ya fito ne daga arewacin Italiya wajen 1440, inda ake kiran ta "trionfi". An zana wa gidan sarautar Visconti da Sforza na Milan wasu daga cikin mafi tsufa da suka rage, kuma don wasa aka yi su. Abin lura shi ne, akwai alaƙa da Masar, amma ba ta Fir'auna ba. Karta ta shiga Turai wajen 1370 daga ƙasar Mamalik, kuma samfurinta na nan a gidan tarihi na Topkapi da ke Santambul. Gidaje huɗun daga can suke, hotuna 22 kuwa ƙarin Italiyawa ne.

4.0 Tasirin Rubutun

Duk da wannan rauni, rubutun ya yi tasiri ƙwarai. Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya koma Etteilla, ya tsara wa kowane kati ma'anar duba, ɗaya idan ya fito daidai, wata idan ya fito a kife. Daga baya Éliphas Lévi ya yaɗa danganta hotunan 22 da haruffan Ibrananci 22. A 1909 aka buga kartar Arthur Waite a Landan, wadda Pamela Colman Smith ta zana. A wajen waɗannan, Ratayayye ya zama alamar hikima da sadaukarwa, ya tashi daga maci amana. Sai a 1980 Michael Dummett ya bi diddigin tarihin a littafinsa The Game of Tarot, ya nuna cewa an shafe fiye da shekara 300 ana wasa da ita kafin wannan tsari na duba ya bayyana.

5.0 Kammalawa

Court de Gébelin ya cancanci yabo ta fuska ɗaya: ya ɗauki abin da masana ke raina wa, ya mai da shi abin nazari. Laifinsa shi ne ya riga ya yanke hukunci, sannan ya lanƙwasa kalma da hoto su bi shi. Ma'anonin da ake kira na gargajiya ke nan ba su wuce ƙarshen ƙarni na 18 ba. Ya kamata ɗalibin harshe, duk lokacin da aka ce kalma kaza daga ƙasa kaza ta fito, ya tambayi shekarar da aka fara rubuta ta da kuma hanyar da ta biyo.