Tsarki da Sharri a Labaran Mashaya Jini: Wa Ya Yi Laifin, Wa Aka Hukunta?

Da yawa daga cikinmu a fim muka fara sanin Dirakula, dogon Bature mai baƙar alkyabba da fiƙoƙi biyu, wanda ke wuni cikin akwatin gawa, in dare ya yi ya fito neman jinin mutane. Kaɗan ne suka koma ga littafin da ya haife shi, wato *Dracula* na Bram Stoker, mutumin Ayalan, wanda aka buga a Landan cikin 1897. Duk wanda ya karanta littafin da idon tarke zai lura da wani abu. Bayan babi huɗun farko, shi dodon da aka raɗa wa littafin sunansa jefi-jefi ake ganinsa. Inda marubucin ya fi zuba tawada shi ne a kan mata biyu, Lucy da Mina, da kuma batun ko tsarkinsu na nan ko ya zube. Wannan zaren muke so mu bi a wannan sharhi, domin a ganinmu a nan jigon littafin ya kwanta, a nan kuma darasin da ya shafe mu yake.

Asalin dodon

Mai karatu zai iya ɗauka cewa mashayin jini, wanda Turawa ke kira bamfaya, shi ne mayen da muka sani. Akwai kama, amma da bambanci. Maye rayayye ne, kurwa yake kamawa. Shi kuwa mashayin jini matacce ne da ya ƙi kwanciya a kabari, jini yake sha daga wuya, kuma wanda ya mutu ta sanadinsa yakan tashi ya zama irinsa. Camfi ne na ƙauyukan gabashin Turai, marubuta suka ɗauko shi suka saka cikin labaran ban tsoro na tsoffin fadoji da maƙabartu, waɗanda ake kira Gotik.

Wanda ya fara yi masa sutura ta sarauta a ƙagaggen labarin Ingilishi shi ne John Polidori, likitan mawaƙin nan Byron, a cikin *The Vampyre* na 1819. Tun daga nan aka kafa tubalin. Tauraron labarin, Lord Ruthven, ba ya kula matan da suka riga suka yi ƙaurin suna, ko da sun kai masa kansu. Masu kamun kai yake farauta, kuma duk wadda ya raɓa sai mutuncinta ya zube ko ta rasa ranta. Wato tun ranar farko tsarkin mace shi ne abincin dodon, kuma da lalacewar mace ake auna girman sharrinsa.

A 1872 wani mutumin Ayalan, Sheridan Le Fanu, ya juya abin a cikin *Carmilla*. A nan mashayiyar jinin mace ce, budurwa kyakkyawa mai laushin hali, wadda aka ba masauki a gidan su Laura a yankin Sitiriya ta ƙasar Ostiriya. Ta shaƙu da Laura shaƙuwar da ta wuce ta ƙawance, Laura kuwa ta kasa tantance abin da take ji, tsakanin so da ƙyama. Daga baya aka gano baƙuwar ita ce Mircalla ta gidan Karnstein, wadda hotonta ke ɗauke da shekarar 1698. Maza suka taru, da uba da janar da likitoci, suka tone kabarinta, suka caka mata fiƙaƙƙen itace a ƙirji, suka sare kanta, suka ƙone gawar, suka zuba tokar a kogi. Mu riƙe wannan hukunci, za mu sake haɗuwa da shi.

Zamanin da ya haifi littafin

Ruwa ba ya tsami banza. Stoker ya yi rubutu ne a ƙarshen mulkin Sarauniya Biktoriya, wadda ta hau a 1837 ta rasu a 1901. A wannan zamani ma'auni biyu aka ajiye, ɗaya na maza ɗaya na mata, kuma doka ce ta ajiye su. Dokar aure ta 1857 ta yarda miji ya rabu da matarsa saboda zina kawai, amma ita matar sai ta haɗa da wani laifin, kamar azabtarwa ko gudu ya bar ta. Dokokin cututtuka masu yaɗuwa na 1864 da 1866 da 1869 sun ba 'yan sanda ikon kama duk macen da suke zargi da karuwanci a garuruwan barikin soja da tashoshin jiragen ruwa, a duba ta dole, a tsare ta a asibiti, alhali ba wanda ke taɓa mazan da ke zuwa wurinta. Sai da Josephine Butler da abokan gwagwarmayarta suka yi shekaru suna fama kafin aka soke su a 1886. Sa'an nan a 1894 aka shiga cacar baki a jaridu kan "Sabuwar Mace", wato mai ilimi, mai neman aiki, mai son a ji ta bakinta a sha'anin aure. Bayan shekara uku *Dracula* ya fito.

Lucy: wadda aka kashe sau biyu

Lucy Westenra 'yar shekara 19 ce, 'yar masu hali, mai fara'a. Rana ɗaya maza uku suka nemi aurenta: Likita Seward, da Quincey Morris Ba'amurke, da Arthur Holmwood wanda ta zaɓa. A wasiƙarta ga ƙawarta Mina ta yi raha cewa da ma ana barin yarinya ta auri duka ukun don kada ran kowa ya ɓaci, nan take kuma ta janye maganar. Iyakar laifinta ke nan a cikin littafin, sai kuma tafiya cikin barci, wadda ta gada daga mahaifinta. A cikin magagin barcin ne ta fita maƙabartar garin Whitby da dare, Dirakula ya same ta.

Don ceton ranta, sau huɗu aka yi mata ƙarin jini daga maza huɗu: Arthur, da Seward, da Farfesa Van Helsing, da Quincey. A wajen jana'izarta Arthur ya ce yana ji kamar jinin da ya ba ta ya ɗaura musu aure. Van Helsing ya fahimci abin da wannan magana ta ƙunsa, cewa in haka ne Lucy ta zama matar maza da yawa, har dariya ta kuɓuce masa. Mai karatu ya lura da dabarar. Rahar da yarinyar ta yi a wasiƙa, marubucin ya cika mata ita a jikinta tana kwance ba ta san inda kanta yake ba.

Da ta tashi daga kabari, sai siffarta ta sauya. Akwai wata kalmar Ingilishi mai nufin jan sha'awa da Stoker ya yi ta maimaitawa a kanta, ita ce kuma ya yi amfani da ita ga mata ukun da ke fadar Dirakula. Lucy ta zama mai cizon yara a unguwar Hampstead, har ta jefar da yaron da ta rungumo ta buɗe hannu tana kiran Arthur ya zo gare ta. A nan aka ƙulla abu biyu wuri guda: macen da ta nuna sha'awa a fili ta zama kishiyar uwa. Hukuncin da aka yi wa Carmilla shi ya hau kanta. Arthur da kansa ya riƙe guduma ya kafa mata itacen a ƙirji, a ranar 29 ga Satumba, kwana ɗaya bayan ranar da aka sa ta bikinsu, sauran mazan na tsaye ana karanta addu'a. Aka sare kanta, aka cika bakin da tafarnuwa. Sai marubucin ya ce mana tsarkinta ya dawo fuskarta.

Mu gwada wannan da mutuwar Dirakula kansa. An zayyana kisan Lucy daki-daki, da jini da kururuwa da murɗe-murɗen jiki. Shi kuwa uban tafiyar, wuƙa biyu aka sa masa, cikin 'yan layuka ya zama ƙura, har Mina ta ce ta ga natsuwa a fuskarsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Mina: wadda aka ceta

Masu kare littafin sukan ce a dubi Mina. Gaskiyarsu, Mina ita ce mafi basira a cikin taurarin. Malamar makaranta ce, ta iya rubutun gaggawa da tafireta, ta haddace lokutan jiragen ƙasa. Ita ta tattara wasiƙu da littattafan ajiye bayanan yau da kullum da yankakkun jaridu ta jera su bi da bi, wato ita ta haɗa littafin da muke karantawa. Ita kuma ta gano cewa ta kogi ake komawa da akwatin Dirakula gida. Van Helsing ya yabe ta da cewa ƙwaƙwalwarta ta namiji ce, zuciyarta ta mace, yabon da shi kansa abin dubawa ne.

To amma me ya faru da ita? Mazan suka yanke shawara cewa aikin ya fi ƙarfin mace, suka daina gaya mata abin da ake ciki, suka bar ta ita kaɗai a ɗaki suka tafi farauta. Renfield, majinyacin asibitin Seward, shi ya ba dodon izinin shiga gidan. Dirakula ya yi barazanar kashe mijinta Jonathan in ta yi ƙara, ya sha jininta, ya tilasta mata shan nasa daga ƙirjinsa. Da Van Helsing ya ɗora mata gurasar ibada ta coci a goshi don kariya, sai ta ƙone ta, ta bar tabo, Mina ta fashe da kuka tana kiran kanta mai ƙazanta. Sakacin na maza ne, ta'asar ta dodo ce, tabon kuwa a goshin mace ya zauna.

Sai mu tuna Jonathan a fadar Dirakula can Taransilbaniya. Da mata ukun suka kewaye shi, ya rubuta da hannunsa cewa ya yi kwaɗayin su sumbace shi, har yana fargabar kada Mina ta karanta. Sha'awar tasa ce, da saninsa, duk da cewa ba su kai ga cizonsa ba. Ba wanda ya kira shi mai ƙazanta. Wannan shi ne ma'auni biyun nan na dokar 1857, ya shigo cikin ƙagaggen labari. Bayan shekara bakwai, a rufe littafin, muna ganin Mina da ɗanta, tabon ya ɓace, mazan na yabonta, amma muryarta ba ta cikin shafin ƙarshe.

Inda littafin ya fi marubucinsa

A 1908 Stoker ya buga maƙala yana kira da a riƙa tace ƙagaggun labarai saboda batsa. Wannan ya nuna mana cewa shi a ransa wa'azi ya yi. To me ya sa littafin ya rayu fiye da shekara 120, alhali ɗimbin littattafan wa'azi na zamaninsa sun bi ruwa? A ganinmu, domin bai iya toshe kafofin da gaskiya ke ɓullowa ba. Ya bar Jonathan ya faɗi abin da ke ransa. Ya bar Mina ta amsa cewa a lokacin da dodon ya kusance ta, ta rasa niyyar hana shi. Ya bar Van Helsing, dattijo masani, ya yi sororo a gaban kabarin ɗaya daga cikin mata ukun, kyanta ya kusa hana shi aikin da ya kawo shi. Ya kuma bar Mina ta roƙi mazan su ji tausayin Dirakula, domin ita ma wata rana za ta iya buƙatar irin wannan tausayi. Le Fanu ma haka ya rufe nasa labarin: shekaru bayan an ƙone Carmilla, Laura na zabura tana jin kamar takun sawunta a bakin ƙofa. Itacen da gatarin sun gama da gawar, amma abin da ke zuciyar mai rai yana nan.

Zubin littafin ya taimaka. Da yake wasiƙu ne da bayanan da kowane tauraro ya rubuta da kansa, babu wani mai ba da labari da ke tsaye bisa kowa yana yanke hukunci. Mai karatu na da damar ya ji abin da mazan suka ce game da Lucy, ya koma ga wasiƙunta ya ga yarinya mai kirki da ba ta cuci kowa ba, ya yi nasa alƙalancin.

Abin da ya shafe mu

'Yan uwa marubuta, ba muna cewa a daina hukunta mugu a labari ba ne, ko a raina kamun kai. Tambayar ita ce, a kan me hukuncin ya hau? Mu duba rubuce-rubucenmu na soyayya da zaman aure. Sau nawa muke raba mata gida biyu, saliha da 'yar duniya, mu kai ta biyun ga hauka ko ciwon da ba ya jin magani, shi kuwa alhajin da ya yi ta kai-kawo a ƙofarta ya tuba cikin layi biyu a koma cin tuwo? Sau nawa yarinyar da aka yaudara ko aka fi ƙarfinta take ɗaukar tabon ita kaɗai har ƙarshen littafi?

Abu uku za mu iya ɗauka. Na farko, sharri aiki ne da mutum ke aikatawa da niyya, don haka kafin mu hukunta tauraruwa mu nuna abin da ta yi da hannunta. Na biyu, mu auna yawan shafukan da muka ba azabar kowane tauraro, domin nan ne ake gane inda fushin marubuci ya karkata, ko da bakinsa ya faɗi wani abu dabam. Na uku, mu ba wadda za mu hukunta bakin magana, kamar yadda wasiƙun Lucy suka zama shaidarta bayan mutuwarta.

Duk mai son ƙwarewa a labarin ban tsoro ya nemi *Carmilla* da *Dracula* ya karanta su a jere. Zai koyi yadda ake gina fargaba sannu a hankali. In ya kai babi na 16, inda aka shiga kabarin Lucy da guduma, ya dakata ya tambayi kansa laifin me yarinyar nan ta yi.