Robert Johnson da Gardamar Masu Tara Faya-fayai

Da wuya masu tara tsofaffin faya-fayen garmaho na kiɗan blues su zauna su tashi ba a yi musu a kan Robert Johnson ba. Wannan makaɗin jita, baƙar fata ɗan jihar Misisipi ta Amurka, waƙoƙi 29 kacal ya bari, waɗanda aka ɗauka a San Antonio a 1936 da Dallas a 1937. Ya rasu a 1938 yana da shekara 27. A 1961 kamfanin Columbia ya tattara wasu daga cikinsu a faifai guda, ya naɗa masa rawanin sarkin mawaƙan blues na yankin Delta. Daga nan gardama ta samo asali.

Ɓangare guda na ganin baiwa ce tsagwaronta, ba ta da malami. Sukan kafa hujja da labarin Son House, wanda ya ce ya san Johnson yana yaro bai iya jita ba, ya ɓace na wani lokaci, ya dawo gwani. A nan tatsuniyar nan ta samu gindin zama, wai ya sayar wa Shaiɗan ransa a mararraba. Amma wannan labari tun farko a kan wani makaɗi daban, Tommy Johnson, ɗan'uwansa ya bayar da shi. Kuma bincike ya nuna a lokacin ɓacewar tasa Robert yana wurin wani makaɗi, Ike Zimmerman, yana koyo.

Ɗaya ɓangaren kuwa faifai suke ajiyewa kusa da faifai. "32-20 Blues" ta Johnson ta fito ne daga "22-20 Blues" da Skip James ya yi da fiyano a 1931. "Sweet Home Chicago" ta bi sawun waƙar Kokomo Arnold ta 1934, shi ma Arnold daga Scrapper Blackwell ya samo ta, wanda ya ɗauki tasa a 1928. Karin "Love in Vain" na Leroy Carr ne, daga waƙarsa ta 1935. Wasunsu daga nan sai su yanke hukunci: ashe sarkin ɗan kwaikwayo ne.

A ganina hujjarsu ta tsaya, hukuncin ne ya karkace. A wancan zamani kari da baiti kayan kowa ne, gwaninta tana wurin yadda ka sarrafa su. Johnson ya ɗauki abin da Carr da James suka yi da fiyano ya mayar da shi kan tsirkiyoyin jita shida, ya kuma tsara kowace waƙa ta cika minti ukun da faifai ke ɗauka. Yaro ne mai kunne, wanda garmaho ya zame masa makaranta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ɗanɗanon masu tarawa ya zama tarihi. Yawancinsu fararen fata ne na birane, a shekarun 1950 da 1960, kuma sun fi darajanta faifan da ya yi wuyar samu. Faifai kuwa yakan yi ƙaranci ne don ba a saye shi da yawa ba. Marubuci Elijah Wald ya nuna a littafinsa na 2004 cewa taurarin da baƙaƙen fata ke saye a lokacin su ne irin su Leroy Carr da Lonnie Johnson, Robert kuwa sunansa bai yi nisa ba. Wanda jama'arsa suka zaɓa ya koma gefe, wanda baƙi suka zaɓa ya hau gadon sarauta.

Maganar ba ta tsaya a suna ba, har da kuɗi. Da ƙungiyar Rolling Stones ta sake rera "Love in Vain" a 1969, wani suna daban aka rubuta a matsayin mai waƙar, sai a 2000 wata kotun Amurka ta yanke hukuncin da ya ba magadan Johnson nasara. An yi adalci, amma rabinsa, don ba a yi zancen Carr ba.

Duk da haka, masu tarawar sun cancanci godiya, domin ba don su ba da faya-fayen Skip James sun salwanta. Shawarata ga mai karatu ita ce, kafin ka saurari Johnson a wayarka, fara da Carr da Arnold da House. Darajarsa ba za ta ragu ba, sai dai ka ji shi a cikin 'yan'uwansa.